Allon zamiya na bana ko ragowar na bara: wanne ya cancanci kuɗinka?

Da zarar Oktoba ta kama, masu hali a Abuja suka fara lissafin hutun Disamba, iyaye kuma suka fara tura wa 'ya'yansu da ke karatu a Kanada da Turkiyya kuɗin kayan sanyi, akwai tambayar da ke dawowa a tsakanin 'yan tsirarunmu da suka ɗanɗani wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara. Kamfani ya fito da sabbin allunan siki, wato dogayen alluna biyu da ake ɗaurawa a ƙafa, to a sayi na bana ne, ko a nemi ragowar na bara? Wasan dai ba gadonmu ba ne. Sai a 2022 aka samu ɗan Najeriya na farko, Samuel Ikpefan, da ya shiga tseren siki a gasar Olamfik ta hunturu a birnin Beijin, shi ɗin ma a Faransa ya tashi. Amma masu zuwa Dubai da Kayseri da Kalgari suna ta ƙaruwa, kuɗin da ake magana a kai kuma ba na wasa ba ne. Allo mai kyau, ba tare da maɗaurin takalmi ba, yakan kama daga dala 700 zuwa 900. Ka je wurin 'yan canji a Zone 4 ka ji nawa ke nan a naira, ka kai wajen miliyan ɗaya ko fiye tun ba ka sayi takalmi ba.

Abu na farko da ya kamata mai saye ya gane shi ne shekarar da ke rubuce a jikin allo ta kasuwa ce kawai. Allon da ake kira na 2025 tun wajen ƙarshen 2024 ya shiga shago. Kamfani ba ya sake gina kowane allo duk shekara, don yin sabon mazubi da gwada shi yana cin kuɗi da lokaci. Galibi sai allo ya yi shekara uku ko huɗu kafin a taɓa cikinsa, a tsakanin nan kuwa zanen saman kawai ake canzawa. Duk wanda ya taɓa zagayawa wurin dillalan mota ya san Camry ɗin da ake ce wa Muscle: ta 2007 da ta 2008 da ta 2009 kusan mota ɗaya ce, lambar da ke takarda ce ta bambanta, sai a 2012 aka ga sabon jiki. Haka lamarin alluna yake, sai dai a nan mai shago ba lallai ya faɗa maka ba in ba ka tambaya ba.

Canjin da ya girgiza wannan sana'a da gaske bai wuce biyu ba a cikin shekara talatin da ɗoriya. A 1993 kamfanin Elan na ƙasar Sulobeniya ya fito da SCX, allo mai faɗin hanci da wutsiya da siririn ƙugu, wanda in ka kwantar da shi a kan gefensa yake yin kwana da kansa. Kafin nan alluna kusan miƙaƙƙu ne, tsawonsu kan kai mita biyu. Sai kuma a 2002 gwanin zamiya Shane McConkey da kamfanin Volant suka fito da Spatula, wanda hancinsa da wutsiyarsa suke ɗage sama irin na allon zamiyar ruwa, don ya riƙa yawo a saman dusa mai zurfi maimakon ya nutse. Kusan duk allon da za ka gani a shago yau haɗin waɗannan dabaru biyu ne. Abin da ya biyo baya gyare-gyare ne, wasu masu amfani, wasu na talla.

Don ka iya rarrabe gyaran gaske da na talla, sai ka san abin da za ka karanta a jikin allo. Akwai lambobi uku a jere, misali 130-96-115. Na farko faɗin hanci ne a milimita, na tsakiya faɗin ƙugu, wato inda ƙafarka take, na ƙarshe faɗin wutsiya. Na tsakiyan shi ne ya fi ba da labari. Daga 70 zuwa 84 allon gyararriyar hanya ne, wadda mota ke bi da dare tana daidaita ƙanƙararta. Daga 85 zuwa 100 shi ne na ko'ina, ya bi gyararriyar hanya, ya kuma ɗan ratse gefe. Abin da ya haura 100 na dusa mai laushi da zurfi ne, kuma a kan ƙanƙara mai tauri yana gajiyar da gwiwa, don sai ka yi aiki sosai kafin ka juya shi daga wannan gefe zuwa wancan. Sai lamba ta huɗu mai harafin R, wadda ke nuna faɗin kwanar da allon ke so a mita. Mai 13 gajerun kwanoni yake so a jere, mai 17 zuwa 19 matsakaici ne, wanda ya wuce 20 kuwa sai fili da gudu. Sannan ka kwantar da allon a ƙasa ka duba shi ta gefe. Tsakiyarsa za ta ɗan yi doro ta bar ƙasa, wannan doron shi ke sa kaifin gefe ya kama ƙanƙara idan ka taka. Hanci da wutsiya kuma za su ɗaga. Yawan ɗagin na sauƙaƙa juyi, amma yana rage tsawon kaifin da ke taɓa ƙasa.

Cikin allo katako ne, an manna shi tsakanin shimfiɗun zaren gilashi, wani lokaci da zaren kabon, a wasu kuma da faranti na ƙarfe mai suna Titanal, wanda kamfanin AMAG na Ostiriya ke yi, kuma mafi yawansa alminiyom ne. Ƙarfen nan yana kwantar da allo, ya hana shi karkarwa idan ana gudu a kan ƙanƙara mai tauri. Kuɗin da za ka biya shi ne nauyi, da kuma cewa allon ba ya yafe kuskure. In ka zauna baya, wutsiyar za ta tafi da kai inda ba ka yi niyya ba.

To bari mu ɗauki alluna na ko'ina daga kamfanoni uku da aka fi yawan kwatantawa, don a cikinsu ana samun kowane irin canji.

Völkl, da ke Straubing a Jamus, yana da jerin Mantra. Mantra M6 ya fito a kakar zamiya ta 2021/22 da ƙugu 96, ya yi kaka uku cur ba a taɓa komai a cikinsa ba sai zane. Wanda ya sayi na kakar farko da wanda ya sayi na ta uku allo ɗaya suke hawa. A 2024/25 aka maye shi da M7, ƙugun yana nan a 96, ƙarfen da ke zagaye gefensa yana nan, abin da aka taɓa shi ne yankan gefe, daga kwana iri uku a jikin allo ɗaya zuwa huɗu. Gwani zai ji bambancin wajen shiga kwana. Wanda ke hawa mako ɗaya a shekara, ina tantama. A wannan kakar dai kamfanin ya ɗauki Kendo 88, allon da ya daɗe da suna, ya sa masa Mantra 88, na mata kuma Kenja 88 ya koma Secret 88. Nan suna ne ya canza. Duk wanda ya tarar da Kendo 88 na kakar ƙarshe an karya masa farashi don sunansa ya tsufa, ya tsinci dami a kala. Amma Mantra ɗin nan dai shi ne ya koya wa mutane cewa suna ba ya tabbatar da komai. A 2014/15 an faɗaɗa shi zuwa 100 aka cire masa doron tsakiya gaba ɗaya, masoyansa da yawa suka yi ƙorafi, sai da M5 ya zo a 2018/19 aka dawo da doron da ƙugu 96. Saboda haka in wani ya ce maka yana da Mantra na hannu zai sayar, tambaya ta farko ita ce wace kaka.

Nordica kuwa yana da Enforcer, mai faranti biyu na ƙarfe, nauyin kowane allo ɗaya kan kai kilo biyu a manyan tsayi. Shi ne allon da in ƙanƙara ta dagule da yamma, bayan dubban mutane sun tattake ta, yake ratsawa ba ruwansa. A 2024/25 aka sake gina jerin duka. Enforcer 88 ya koma 89, 100 ya koma 99, 94 ya riƙe lambarsa. Milimita ɗaya ba wani abu ba ne, kada ta ɗauke maka hankali. Abin da ya canza da gaske yana ciki, inda aka sa wata shimfiɗa mai kama da roba a tsakiyar katakon, aka kuma ƙara ɗaga wutsiya don ta riƙa sakin kwana da sauƙi. Ka lura da tarkon da ke nan: Enforcer 94 na 2023/24 da Enforcer 94 na 2024/25 suna ɗaya ne, lamba ɗaya, amma alluna biyu ne daban. Tsohon ya fi riƙe ƙasa da taurin kai, sabon ya fi sauƙin juyawa a matsattsen wuri. A nan ne kawai zan ce mai matsakaicin ƙwarewa yana da dalilin biyan kuɗin sabon zubi, don gyaran da aka yi shi aka nufa da shi.

Blizzard, da ke Mittersill a Ostiriya, shi ne ya yi sauyi mafi girma. Brahma 88 da Bonafide 97 da Cochise 106, waɗanda suka yi shekaru sama da goma ana ji da su, duk an sallame su a 2024/25 aka kawo Anomaly mai faɗi 84 da 88 da 94 da 102. Suna ya canza, faɗi ya canza, yadda aka shimfiɗa ƙarfen ma ya canza. Bonafide allon ƙarfafa ne, mai bukatar mutum mai nauyi da ƙwarewa. Anomaly ya ɗan sassauto. Masu son tsohon har yau suna farautar ragowarsa, kuma suna da gaskiyarsu, amma in an ba ka Bonafide da rabin kuɗi alhali kai bara ka daina yin kwana da ƙafafu a buɗe, rahusar ba ta amfane ka da komai ba. Ɗan'uwansa Rustler 9 kuma a 2023/24 aka sake shi, aka faɗaɗa ƙugunsa zuwa 96 ba tare da an taɓa sunan ba. Rustler ya fi waɗannan duka sauƙin kai, don ƙarfensa bai mamaye allon duka ba, hanci da wutsiya suna da laushi. Ga ɗalibin da yake kakarsa ta biyu ko ta uku a yammacin Kanada, shi zan fara nuna wa kafin Mantra ko Enforcer.

Su Salomon da jerin QST, da Atomic da Bent, sun fi karkata ga rashin nauyi da wasa. Ba su kai waɗancan natsuwa a kan ƙanƙara mai tauri ba, amma ba sa gajiyar da ƙafa, kuma galibi sun fi araha. Mata kuma suna da nasu jerin: Santa Ana na Nordica mai faranti ɗaya na ƙarfe maimakon biyu, da Black Pearl na Blizzard wanda ya daɗe cikin waɗanda aka fi saye a Amurka. Ba dole ba ne mace ta tsaya a kansu. Nauyin jiki da ƙwarewa allo ya sani, mace doguwa mai ƙarfi za ta iya jin daɗin Enforcer, namiji marar nauyi kuma ya fi samun sauƙi a kan Santa Ana, in zai iya haƙuri da launin.

Ta yaya za ka gane ko an taɓa allo a bana? Ka buɗe bayanin na bana da na bara gefe da gefe, a tsayi ɗaya. In lambobin nan uku daidai suke, R daidai, jerin tsayin da ake sayarwa daidai, nauyi ma kusan ɗaya, to fenti kawai aka sake. Jerin tsayi shi ne shaidar da ba ta ƙarya, don ba a canza shi sai an yi sabon mazubi. In ka ga bara ana sayar da mai tsawon santimita 186 bana kuma 185, allon sabo ne ko da sunan bai motsa ba. Kalmomin talla kuwa, irin su sabuwar fasaha da ƙarin kuzari, kowace shekara ana rubuta su. Kuma ka tambayi mai shago kai tsaye ko an canza ginin ne ko zane kawai. Yawancinsu za su faɗa maka gaskiya, don su ma suna son ragowar bara ta bar musu wuri.

Lokacin saye ma yana da tasiri. Sabbin alluna na shiga shago a Satumba da Oktoba da cikakken farashi, ana fara karya shi daga ƙarshen Fabrairu zuwa Afrilu. Mu da muke tafiya a Disamba mun faɗa daidai lokacin da kaya suka fi tsada. Mafita ita ce ragowar bara da ake fitarwa a farkon kaka, sai dai matsakaicin tsayi, irin su 170 zuwa 180, shi ke fara ƙarewa. Kada rahusa ta sa ka ɗauki 191 alhali 177 ne naka. Ƙa'idar da aka saba ita ce allo ya tsaya tsakanin haɓa da tsakar ka, sabon shiga ya tsaya wajen haɓa ko ƙasa kaɗan, gwani ya kai goshi ko sama. Allo mai yawan ɗagin hanci yana jin kamar ya fi gajarta a ƙafa, don haka akan ɗan ƙara masa tsayi.

Sai inda za ka hau, wanda mutanenmu suka fi mantawa da shi. Ana kallon bidiyon wani yana ratsa dusa har ƙirji a Japan, sai a je a sayi mai ƙugu 106. Wanda ke Toronto, Blue Mountain zai riƙa zuwa, gangaren da tsayinsa bai wuce mita 220 ba, yawancin ƙanƙararsa ta inji ce, mai tauri. Wannan ƙugu 80 zuwa 88 ya ishe shi har ya yi yawa. Haka wanda ke zuwa Uludag kusa da Bursa ko Erciyes a Kayseri, in dai a gyararriyar hanya zai wuni. Wanda ke Kalgari, yana hawa Lake Louise da Sunshine a ƙarshen mako, shi ne 94 zuwa 100 zai yi wa amfani. Ski Dubai kuwa, da aka buɗe a 2005 a cikin Mall of the Emirates, hanyarsa mafi tsawo mita 400 ce, kuma kayan haya suna cikin kuɗin shiga. Ɗaukar allon dala 800 zuwa can wahalar da kai ne kawai.

Ga wanda zamansa a Abuja yake, yana fita sau ɗaya a shekara, ra'ayina kada ya sayi allo kwata-kwata, na bana ko na bara. Kowane kamfanin jirgi da ƙa'idarsa a kan kaya masu tsawo, ga jigilar jaka mai kusan mita biyu daga filin jirgin Nnamdi Azikiwe zuwa wani gari a Turai ta jirgi biyu da jirgin ƙasa. In ka dawo da shi, laimar damina za ta sa kaifin ƙarfen ya yi tsatsa, kuma ba za ka samu mai wasa kaifi ko shafa kakin ƙasan allo a Wuse ko Garki ba. A can kuwa kusan kowane shagon haya yana da rukunin manyan alluna na wannan kakar, ka ƙara kuɗi kaɗan ka hau Mantra yau, gobe ka mayar ka karɓi Rustler. In aka yi dusa da dare ka ɗauki mai faɗi, in aka wayi gari ƙanƙara ta daskare ka koma siriri. Mai allo ɗaya ba shi da wannan gatan. Sabon shiga kuma duk allunan da na lissafa a sama ba nasa ba ne tukuna. Nasa mai laushi ne, ƙugu 72 zuwa 80, kuma cikin kaka ɗaya ko biyu zai wuce shi.

Kuɗin da ka tanada, ka kai shi wajen takalmi. Takalmin haya ƙafafu ɗari sun shiga cikinsa, ya saki, kuma ƙafar da ke yawo cikin takalmi ba ta iya ba allo umarni komai tsadarsa. Ana auna takalmin zamiya da tsawon ƙafa a santimita, faɗinsa kuma daga 98 zuwa 104 a milimita. Mu da muka tashi da silifa da takalmin fata buɗaɗɗe, da yawanmu ƙafarmu na da faɗi, kada ka yarda a cusa ka cikin 98 don shi ne na gwanaye. Taurinsa ma lamba ce, daga wajen 70 zuwa 130, kuma 90 zuwa 100 ya wadaci namiji mai matsakaicin ƙwarewa. A shago ake sayensa, a zauna a gwada, ba a intanet ba. In ka kawo shi gida ka cire na cikin ya bushe, ka ɗaure maɓallansa sako-sako, ka ajiye shi a ɗaki mai sanyi. Zafi da laima suna cin robar, kada a jefa shi sito ko but ɗin mota.

Akwai canji guda da ya shafi shekara wanda bai kamata a yi wasa da shi ba, shi ne na tafin takalmi. Yawancin sabbin takalma suna zuwa da tafi mai suna GripWalk, mai ɗan lanƙwasa da roba don sauƙin tafiya. Tsofaffin maɗaurai da aka yi don shimfiɗaɗɗen tafi ba su dace da shi ba, kuma maɗaurin da bai dace ba yana iya ƙin sakin ƙafa lokacin faɗuwa, abin da ke kai mutum ga tsinkewar jijiyar gwiwa ko karaya. Wannan ya fi shafar mai sayen na hannu. Allo ɗan shekara uku da aka kula da shi ba shi da laifi: ka duba kaifin bai cinye ba, shimfiɗun ba su fara rabuwa a hanci ko wutsiya ba, ba a huda shi fiye da sau biyu don sa maɗauri ba, kuma in ka haɗa ƙasan biyun suna barin sarari a tsakiya, alamar doron bai mutu ba. Amma maɗaurin da ya tsufa, kamfanoni kan cire shi daga jerin waɗanda suke tsaya wa, shaguna kuma su ƙi taɓa shi. Lambar da ake saita maɗauri a kanta don ya saki ƙafa lokacin faɗuwa ana fitar da ita ne daga nauyinka da tsayinka da shekarunka da tsawon tafin takalminka da irin hawan da kake yi. Ka kai allon da takalmin shago tare, ka faɗi nauyinka na gaskiya, ka bar ma'aikacin ya saita ya gwada a injinsa kafin ka hau dutse.